Satar Injin Rabi'atu

Ranar Juma'a ce, a tsakiyar bazara, aka sace injin Rabi'atu. Mutane na saukowa daga masallaci, ita kuma tana dawowa daga gida cin abinci, sai ta tarar da ƙofar bayan shagonta a wangale. An ɓalle kwaɗon da ƙarfe. Teburin da injin yake zama a kai babu komai sai shatinsa.

Rabi'atu nas ce. Ta yi shekaru tana aiki a wani asibitin fata a Kano, aure ya kawo ta Kura, ta buɗe ɗan shago a ƙarshen gari, dab da babban kanal na ruwan noman rani. Injin nata na leza ne: haske mai zafi yake harbawa cikin fata ya kashe saiwar gashi. Kowa ya san shagon, amma ba ka samun wanda zai ce ya san mai zuwa. Matan da gashi ke fito musu a haɓa ko a leɓe ta ƙofar baya suke shiga, ta can kuma suke fita. Abin da ba a gani shi ake yi wa ƙari, don haka zance ya yi yawa a kan injin. Wasu sun ce yana dafa jini, wasu sun ce canza halitta ne. Ita dai Rabi'atu ta riga ta ɗaure kayanta, domin an mayar da mijinta Kano, ranar Litinin za ta bi shi da injin.

Kafin la'asar an kama mutum. Mudassiru ne, wani matashi mai tuƙa adaidaita, wanda aka yi da shi cewa shi zai kai injin Kano. An ga kekensa a gaban shagon lokacin salla. Da 'yan sintiri suka tambaye shi ya ce yana masallaci, aka rasa wanda ya gan shi a sahu. Suka lakaɗa masa duka, suka kulle shi a ɗakinsu. Mai unguwa Sammani ya ce in ba a ga injin ba zuwa yammacin Asabar, za a miƙa shi ga 'yan sanda.

* * *

Uwar Mudassiru, Rukayya, ita ta hau ɗan acaba ta nufi hanyar Bunkure neman Dattijo.

Dattijo mai bin sawu ne. A zamanin da ɓarawon shanu ke kora su da ƙafa, ba a yin sata tsakanin Kura da Bunkure ba a aika masa ba. Yanzu ɓarayi da mota suke zuwa, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Shanunsa sun ƙare, matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna kudu suna gadi, sai waya jefi-jefi. Rugar da a da take cike da kukan maruƙa ta koma bukka ɗaya da ɗaki ɗaya na bulo, a tsakiyar gonakin shinkafar wasu. Yakan yi kwanaki bai yi magana da kowa ba sai amsa sallama.

Rukayya ta same shi yana gyaran igiyar guga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa abin da ya faru. Ya ce mata shi sawun dabba ya sani, bai taɓa bin sawun inji ba.

“Baffa, inji ba shi da ƙafa,” in ji ta. “Mutum ne ya ɗauka. Ɗana maƙaryaci ne wani lokacin, amma ba ɓarawo ba ne.”

Ya ajiye igiyar. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko malafarsa da sandarsa.

* * *

Bayan shagon ya zama kamar kasuwa ta watse. 'Yan kallo sun tattake komai. Dattijo bai ɓata lokaci a bakin ƙofa ba, ya ja baya ya yi ta zagaye, yana faɗaɗa da'ira, har ya fita daga inda ƙafafu suka yi yawa. A can, kusa da wata katanga, ya ga layin tayar baro guda ɗaya. Baro ba abin mamaki ba ne a Kura, garin da kowa ke tura shinkafa. Amma wannan ya zo da sauƙi ya koma da nauyi, kuma tayar tana da faci, duk juyawa ɗaya sai ta bar tambari kamar ɗan yatsa.

A bayan tayar akwai sawun takalmin roba, babba, na maza. Baballe, shugaban 'yan sintiri, wanda ke biye da shi, ya ce ai shi ke nan, irin takalmin Mudassiru ne. Dattijo ya ce rabin mazan garin irinsa suke sawa. Bai faɗi sauran abin da ya gani ba: takun gajere ne, kuma diddigen bai cika takalmin ba.

Sawun ya ba shi mamaki. Daga bayan shagon akwai hanya miƙaƙƙiya, fili fetal, wadda za ta kai mutum gadar kanal cikin ɗan lokaci. Mai baron bai bi ta ba. Ya manne wa katanga, ya tsallaka gindin darbejiya, ya yi kwana ya bi ta ƙarƙashin rumfar wani injin casa, ya sake lanƙwasawa ya bi jerin bishiyoyi. Baballe ya ce ɓuya yake yi. Dattijo ya duba, ya ga ba ɓuya ba ce, domin rumfar injin casar a idon kowa take, ta fi filin ma fitowa sarari.

A bakin gada sawun ya hau siminti ya ɓace. Bayan gadar akwai faffadan dandamalin shanya shinkafa, an share shi fes. Dattijo ya bi hanyar da ta miƙe daga nan zuwa titi, yana sunkuye, har rana ta yi ja. Bai ga faci ba. Ya dawo ya ce wa Baballe sawu ya mutu.

* * *

Ya nemi a bar shi ya ga Mudassiru kafin magariba. Ya same shi zaune a ƙasa, leɓe a kumbure, ido ɗaya ya rufe. Saurayin bai yi gardama ba. Ya ce tun asuba yake jigilar albasa, ya tsaya a gaban shagon don ya tambayi Rabi'atu ƙarfe nawa za su tashi ran Litinin, ya tarar ta fita, ya kishingiɗa a keke, barci ya sace shi har aka idar da salla. Kunyar a ce ya rasa Juma'a saboda barci ce ta sa ya yi ƙarya. Dattijo ya dubi ƙafafunsa. Manya ne, masu faɗi, irin waɗanda ke cika takalmi har su yi masa yawa.

Da safe ya fara da Salisu mai kemis, domin sunansa ya fi yawa a bakin mutane. Salisu na sayar da man cire gashi da man bilicin, kuma an san sun taɓa cacar baki da Rabi'atu, saboda tana hana matan da ke zuwa wurinta shafa bilicin. Ya karɓi Dattijo da fara'ar da ba ta kai ciki ba. Ya ce gaskiya ne ta rage masa ciniki, gaskiya ne kuma ya yi murna da jin za ta tafi, to mai murna da tafiyar abu me zai sa ya hana shi tafiya? Yana da baro a bayan shago. Dattijo ya juya tayar da hannu, sabuwa ce, babu faci. Da zai fita, Salisu ya rage murya ya ce in shi ne, wajen Malam Sunusi zai duba, wanda ya yi wa'azi a kan shagon, kuma yana da samari masu zafin kai a makarantarsa.

Malam Sunusi yana zaure da littattafai a gabansa. Gidan malamai ne tun kakanni, Islamiyyar unguwar ma tasu ce. Ya saurari Dattijo har ƙarshe, ya yi murmushi kaɗan. Ya ce ya yi magana, ba ya musu, amma mutane sun ɗauki rabi sun bar rabi. Abin da ya ja kunne a kai shi ne aske gira da buɗe tsiraici ba lalura.

“Amma macen da gemu ya fito mata,” in ji shi, “littattafanmu cewa suka yi ta kawar da shi. Na faɗi wannan ma a ranar. Ba shi ne ya yi wa mutane daɗin ɗauka ba.”

Ɗalibansa kuwa, ya ce, suna bayansa a sahu, Baballe da kansa shaida ne. Dattijo ya yi godiya ya fito. Hantsi ya ɗaga, ba shi da komai a hannu, ga yamma tana matsowa.

* * *

Ya koma shagon. Rabi'atu na zaune ita kaɗai a cikin kwalaye, idanunta sun nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ya ce ta gaya masa yadda aikin yake, domin shi bai san abin da yake nema ba.

Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa duk wadda ta zo karon farko. Ba a zama ɗaya ake gamawa ba. Gashi ba tare yake tsirowa ba, don haka sai an yi ta dawowa bayan 'yan makonni, sau shida, sau takwas, wata ma fiye. Tsakanin zama da zama ba a tsige gashin, aske shi ake yi, domin in an tuge saiwar hasken ba zai sami abin kamawa ba. Baƙar fata tana son lallaɓawa, in aka ƙure wutar sai ta ƙone ta bar tabo, shi ya sa ba kowa ke taɓa injin ba. Mai shafa bilicin sai ta daina ta huta kafin a fara. Bayan an yi kuma, fatar takan yi ja ta ɗan kumbura, a sa mata abu mai sanyi, kada a goge ta da soso, kada a tsaya kan wuta kwana ɗaya ko biyu.

“Babban abin dai rana ce, Baba,” ta ce. “Ita nake fi jaddada musu. Su shafa man kare rana, su guje mata iyakar iyawarsu. Ko da mayafi a fuska, ranar bazarar nan ba ta da kunya. In ta bugi wurin sai ya yi baƙi, ya daɗe bai washe ba.”

Ya tambaye ta ko da abin da aka ɗauka ban da injin. Ta ce tabaran da ake sa wa ido, da robar man sanyaya fata. Wayarta ta hannu tana caji a kan taga, ba a taɓa ta ba. Ya tambaye ta sunayen matan da ke zuwa. Ta girgiza kai.

“Ko injin zai tafi har abada, ba zan faɗa ba. Da wannan sharaɗin suka buɗe mini fuskokinsu.”

Bai matsa mata ba. Ya san darajar abin da aka ba mutum ajiya.

* * *

Rana ta take tsaka lokacin da ya fito. Ba shi da wata dabara, sai ya ce bari ya sake bin sawun daga farko, ko jiya ido ya tsallake wani abu. Ya bi jikin katangar, ya tsallaka gindin darbejiya, ya shiga ƙarƙashin rumfar injin casa. Yana cikin jerin bishiyoyin ne ya lura malafarsa tana rataye a bayansa, bai ji bukatar sa ta ba.

Ya tsaya cik. Ya waiwaya ya dubi hanyar da ya biyo. Jiya da yamma ya bi ta, inuwa ta riga ta karkata gabas, shi ya sa kwane-kwanen suka zame masa shirme. Yanzu kuwa, a daidai lokacin da aka yi satar, layin tayar yana kwance cikin inuwa tun daga ƙofar shagon har gada, kamar an ja shi da zare. Ga fili can yana walƙiya da zafi, gajeriyar hanya, babu kowa. Mutum ya ɗauko kayan sata mai nauyi, gari ya tafi masallaci, kowane lokaci ana iya fitowa, amma ya zaɓi doguwar hanya. Ba idon mutane yake gudu ba. Rana yake gudu.

Ya haye gadar da sauri irin na tsofaffi. Wannan karon bai dubi hanyar titi ba. Ya tsaya a kan dandamalin ya tambayi kansa ina inuwa take. Tana hagu, inda wasu mangwarori suka jeru a bakin ƙaramin kanal. A gindin na biyu ya ga tambarin facin a cikin danshi.

Sawun ya kai shi wasu 'yan gidaje na masu turara shinkafa. Ko'ina hayaƙi na tashi, mata na juya shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a manyan tukwane. Gida na ƙarshe, wanda ya ɗan ware daga sauran, shi kaɗai murhunsa ke a mace. Baron yana jingine a zaure. Kusa da shi takalmin roba na maza, tsoho, an ɗaure maɗaurinsa da waya.

Ya tambayi wata mata a maƙwabta gidan wa ne. Ta ce na Ummul-Khairi ne, ita kaɗai take ciki tun rasuwar mahaifinta. Ta yi aure sau ɗaya tun tana yarinya, bai yi shekara ba. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, kullum cikin niƙabi, ko su maƙwabta sun manta kamanninta. Aikinta dai yana da kyau, shinkafarta ba ta karyewa.

Dattijo ya yi sallama a bakin zauren. Aka daɗe kafin wata murya ta amsa daga ciki. Ya faɗi sunansa, ya ce mai unguwa yana son ganinta bayan la'asar. Bai ce don me ba, ita ma ba ta tambaya ba.

“To, Baffa,” ta ce. “Zan zo.”

* * *

Ƙofar gidan mai unguwa ta cika tun kafin la'asar. Dattijo ya roƙi a bar jama'a a waje, a shiga zaure da waɗanda abin ya shafa kawai. Mai unguwa Sammani ya yarda. Aka shigo da Mudassiru, uwarsa na biye. Salisu ya zauna yana kaɗa ƙafa. Malam Sunusi ya sami buzu kusa da mai unguwa. Rabi'atu ta zauna ta ɓangaren mata, can kusurwa kuma wata doguwar mace cikin baƙin niƙabi, wadda ba wanda ya kula da shigowarta.

Dattijo ba mai yawan magana ba ne, ya bi abin daki-daki. Da baro aka ɗauki injin, Mudassiru kuwa yana da keke a ƙofa, ba ya bukatar baro, kuma ƙafarsa ta fi ta mai sawun girma. Tayar Salisu ba ta da faci. Mutanen Malam suna masallaci. Wanda ya ɗauka bai taɓa waya ba, amma ya ɗauki tabaran ido da man sanyaya fata, ke nan ba sayarwa zai yi ba, ya san abin da ake haɗawa da injin. Sannan ya faɗi yadda sawun ya bi inuwa.

“Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya tsoron rana. Wanda ya tura baron nan an gaya masa ne ya guje ta, ya kuma riƙe maganar har a lokacin da yake sata.”

Rabi'atu ta ɗago kai a hankali. Ba ta dubi kusurwar ba, amma hannunta ya kai bakinta. Dattijo ya tsaya yana kallon ƙasa.

“Yana ɗakina,” in ji matar da ke kusurwa. “Na lulluɓe shi da zane saboda ƙura. Ban taɓa komai a jikinsa ba.”

Mai unguwa ya tambaye ta ko tana da wutar da za ta tayar da shi. Ta ce ko fitilar lantarki babu a gidanta. Ya ce to me za ta yi da shi? Da ta fara magana, muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wata.

Ta ce tana budurwa gashin ya fara fito mata, ta yi ta tsigewa yana ƙaruwa, haɓarta ta cika da ƙuraje da tabo. A gidan miji aka fara ce mata mai gemu, daga baya aka ce irinsu mayu ne. Ta dawo gida ta sa niƙabi, mutane suka ɗauka tsoron Allah ne, ta bar su a haka. Bara ta ji labarin shagon, ta yi watanni tana wucewa ta baya kafin ta iya shiga. Zama uku aka yi mata. Ranar Alhamis, bayan na ukun, Rabi'atu ta ba ta madubi, ta ga fatar haɓarta a fili, abin da rabonta da gani tun mahaifiyarta na da rai. A ranar ce kuma aka gaya mata injin zai tafi.

“Malama Rabi ta ce in riƙa zuwa Kano. Ni ko tashar Kura ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba. Na kwana ina tunani. Na ce in injin bai tafi ba, ita ma ba za ta tafi ba. Iyakar hankalina ke nan a ranar.”

Mudassiru ya yi magana da kumburarren bakinsa. Ya tambaye ta ko ta ji an kama shi. Ta ce ta ji. Ko ta ji an dake shi? Ta ce ta ji tun jiya da yamma.

“Kika kwana, Iya?”

“Na kwana,” ta ce. “Wannan ba ni da abin cewa a kai.”

Salisu ya ce a kira 'yan sanda kawai, a kuma faɗa wa jama'a. Rabi'atu ta ce ita ce mai kaya, kuma ba ta kai ƙara ba, a dawo mata da injinta ya ishe ta. Malam Sunusi ya ce haƙƙi biyu ne a nan. Na Rabi'atu ta yafe. Na Mudassiru kuwa ba mai yafe shi sai shi, kuma dole a wanke shi a gaban mutanen da aka kunyata shi, waɗanda suka dake shi su ma su ba shi haƙuri. Amma wanke shi ba ya bukatar a tone lalurar baiwar Allah. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mudassiru ya ce shi bai yafe ba tukuna, kada a matsa masa. Abin da yake so, ta dubi uwarsa ta ba ta haƙuri, domin ita ce ta kwana tana kuka. Ummul-Khairi ta taso daga kusurwar, ta durƙusa a gaban Rukayya, ta juya wa maza baya, ta ɗage niƙabinta. Abin da ta faɗa ba wanda ya ji. Rukayya ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta sa hannu ta sauke mata mayafin da kanta.

Mai unguwa ya fita ya shaida wa jama'a an ga injin, Mudassiru ba shi da hannu, kuma mai kaya ta janye magana. Aka yi ta tambayar wane ne. Ya ce magana ta ƙare.

* * *

Ba ta ƙare ba, gari ba ya rasa kunne. Kafin Rabi'atu ta tafi ranar Litinin, a wani keken daban domin Mudassiru ya ce ya fasa, an riga an san gidan da aka ɗauko injin. Ba a san dalili ba, sai aka ƙirƙiro. Masu kai wa Ummul-Khairi shanshera suka koma wasu gidajen.

Dattijo ya koma rugarsa. Kwana biyu mutane na tsayawa a hanya su gaishe shi, su tambayi yadda ya yi, daga nan aka manta. Ya ci gaba da dafa abincinsa shi kaɗai. Sai dai maganar matar ta ƙi barinsa. Ya saba in ya bi sawu ya kai ƙarshe, a kora shanu gida, kowa ya yi murna. Wannan karon ya kai ƙarshe ya tarar da mutum zaune a ɗaki shi kaɗai, kuma shi ne ya nuna ƙofar.

Bayan makonni, ya auni shanshera daga 'yar gonarsa, ya ɗora wa ɗan acaba, suka tsallaka gada. Ya same ta a tsakar zaure tana tsintar tsakuwa a 'yar shinkafar da ba ta kai a hura mata wuta ba. Ya ce ya kawo aiki ne, an ce tata ba ta karyewa. Ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce ya ajiye a nan.

Ya tambaye ta ko lokacin zama na huɗu bai yi ba. Ta ce ya yi, Malama Rabi ta aiko har sau biyu, ta ce Laraba take ganin mutanen nesa. Ta ce ba za ta iya ba. Da wane ido za ta kalle ta, kuma wa ta sani a Kano?

Dattijo ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya ce shi ma an daɗe ana ce masa ya je a duba masa gwiwar nan a birni, yana ta ɗagawa saboda ba ya son zaman mota ba abokin magana. Laraba zai fita da sassafe, zai tsaya a bakin gada ya ɗan huta kafin ya wuce tasha.

Ta ja buhun ciki, ta kwance bakinsa, ta ɗebi shinkafar a tafin hannu tana dubawa.

“Ba ta bushe sosai ba, Baffa,” ta ce. “Sai na ƙara shanya ta. Ba za ta samu ba sai bayan Laraba.”

“Ba sauri nake ba,” in ji shi.